Kafin ka sayi zare da allura: shawara ga mai son koyon ɗinkin hannu a Damagaram

Mai son koyon ɗinkin hannu yakan shiga Kasuwar Dole ranar Alhamis da kuɗinsa a aljihu, ya fito da leda cike da zare kala-kala, bayan sati biyu ya jingine aikin yana cewa hannunsa bai karɓa ba. Sau da yawa hannun lafiyarsa ƙalau. Zaren ne bai dace da allurar ba, ko allurar ba ta dace da ƙyallen ba. Wannan abu yana damuna, domin sana'a ce da ke ciyar da gidaje a unguwannin Birni da Zango, kuma bai kamata sayayyar rana ɗaya ta kori mutum daga gare ta ba.

Tun a gida ka yanke shawarar aikin da kake so. Ɗinkin hula daban, aikin babbar riga mai aska biyu ko aska takwas daban, surfanin zanen gado da rigar matashin kai da mata ke yi wa amare shi ma daban. Hula tana son haƙuri da ido mai kyau, don zare ne ke rufe ƙyallen kusan gaba ɗaya, ɗinki kusa da ɗinki. Riga kuwa sai wanda hannunsa ya riga ya faɗa. Ni a ganina sabon shiga, namiji ne ko mace, ya fara da furanni da ganye a kan rigar matashin kai, domin a nan zai koyi ɗinkin sarƙa da na cikewa da na zagaye baki, kuma su ne zai tarar gobe a wuyan riga.

A kan zare nake so mu daɗe, don nan ne ya kamata yawancin kuɗinka su tafi.

Akwai zaren auduga mai sili shida, wanda ake sayarwa a ɗan ƙulli da takarda a ɗaure a tsakiyarsa. Na kamfanin DMC na Faransa, ƙulli ɗaya mita 8 ne, kuma kowane launi da lambarsa: baƙi 310, ja 321. Amfanin lambar shi ne in zare ya ƙare maka a tsakiyar fure, ka koma ka samo daidai irinsa, don haka kar ka jefar da takardar. Kyan wannan zare shi ne ana raba shi. Ka zare sili biyu don siririn layi, uku don cike ganye, shida duka in kana son aiki ya taso. Ba ya santsi, yana zama inda ka ajiye shi, in ka yi kuskure kuma ka warware ba tare da ya lalace ba. Shi nake zaɓa wa duk mai koyo. Tsadarsa ce matsala, ga kuma jabu da ke yawo da takarda mai kama da ta asali.

Sai murɗaɗɗen zaren auduga da ke zuwa a dunƙule, wanda ba a raba shi. Lambobinsa 3, 5, 8 da 12, kuma yadda lamba ke hawa haka zaren ke ƙara siranta. Lamba 8 ta fi dacewa da yawancin aiki. Ɗinkin sarƙa da shi yana fitowa tsaf, kowace gaɓa a bayyane, kuma ga wanda raba sili ke ba shi wahala, wannan ya fi sauƙi. Sai dai wurin cike fili ba ya kwanciya lumui kamar mai sili shida.

Wanda ya fi jan ido a kan tebur shi ne zaren da ƴan kasuwa ke kira siliki, mai ƙyalli. Yawancinsa ba silikin gaske ba ne, na masana'anta ne. A wuyan shadda yana da kyau matuƙa, ba na musu. Amma ga sabon hannu azaba ne: yana zamewa daga kafar allura, yana harɗewa, kuma da hunturu, lokacin da yatsu suka bushe suka yi kaushi, sai ya riƙa maƙalewa a fata yana tsefewa tun bai shiga ƙyalle ba. Ka bar shi sai ka gama aiki biyu ko uku da auduga. In lokacin ya yi, ka yanke shi gajere, ka shafa ɗan mai a hannu ka goge sosai kafin ka taɓa.

Zaren ulu na roba shi ne mafi araha, yana cika wuri da sauri, shi ya sa ake yawan ganinsa a zanen gado. Yana yin gashi bayan wanki, kuma dutsen guga mai zafi yana iya narkar da shi. Don adon bango ya isa. Abin da za a kwanta a kai kullum kuwa, ban ba da shawararsa ba.

Zaren tsamiya kuma sai dai in ambace shi da girmamawa. Daga gidan wata tsutsa ake samo shi, a dafa da toka, a kaɗa da hannu, ya fito da launin ƙasa-ƙasa mai haske, kuma shi ne a kan manyan rigunan sarakuna na da. Tare da shi akwai alharini, jan silikin da ayari ke kawowa daga Tarabulus ta Agadas, lokacin da Zango ke masaukin fatake a kan hanyar Kano. Yau samun tsamiya ta gaske sai an tona, kuma ba kayan koyo ba ce.

Ko wane iri ka zaɓa, ka gwada shi kafin ka sayi da yawa. Ka tafi da ɗan farin ƙyalle, ka ce wa mai tebur: "Alhaji, a ba ni ƙulli ɗaya na jan nan in gwada, in ya yi zan dawo." Ka jiƙa ƙyallen, ka naɗe guntun zaren a ciki, ka murza da ƙarfi. In farin ya ɗauki launi, zaren zai zuba. Ja da shuɗi mai duhu da baƙi su suka fi yin haka. Na ga rigar matashi da aka yi makonni ana ɗinka, wanki ɗaya da omo jan furen ya malale a kan farin yadin, ba ta sake gyaruwa ba. Gara launi biyar masu kyau da launi talatin masu zuba. Farashi kuwa yana motsi da canjin naira, tunda kaya da yawa daga Kano suke shigowa, don haka ka zaga teburi biyu ko uku kafin ka fitar da jakarka.

Allura ba ta da tsada, amma kar ka ɗauki ta ɗinkin tela mai ƙaramar kafa. Ka nemi mai doguwar kafa da tsini. Lambobinta daga 1 zuwa 10 ne, babbar lamba siririyar allura. Lamba 7 tana ɗaukar sili biyu ko uku ba gardama, lamba 5 kuma ta murɗaɗɗen zare. In kana jin ƙara lokacin da zare ke ratsa ƙyalle, ko sai ka fizga da ƙarfi, allurar ta yi ƙanƙanta, tana cin zarenka. In tana barin rami a bayanta, ta yi girma. Fakiti mai gauraye ya fi. Zare kuma kamu ɗaya ya isa a kowane zubi, fiye da haka sai ƙulli.

Wurin ƙyalle kar ka kashe kuɗi. Alawayyo ko akoko mai ɗan kauri, na auduga zalla, ka wanke shi tukuna ya gama shan ruwansa, in ba haka ba zai takure bayan ka ɗinka, aikin ya yamutse. Shadda ta jira. Mai kyau tana da tauri da sheƙi, allura tana barin tabo a jikinta, duk inda ka warware sai an gani. Yadin roba mai miƙewa kuma ka nisance shi gaba ɗaya.

Zoben katako da ake ɗaure ƙyalle a ciki, masu aikin riga da hula ba su damu da shi ba, a hannu da gwiwa suke riƙe aikinsu. Ga mai koyon cike fure kuwa yana hana ƙyalle tattarewa. Mai faɗin santimita 15 zuwa 20 ya fi daɗin riƙo. Na katako ya fi na roba kama yadi, amma ka shafa bakinsa da yatsa ka ji ko akwai sartse, ka kuma murɗa ƙusarsa ka ga tana ɗaurewa. Ƙaramin almakashi mai tsini, da alli ko fensir don zane, sun cika kayan. Ban da biro, tawadarsa ba ta fita.

Saura wurin koyo. Bidiyon waya yana nuna yadda allura ke shiga da fita, kana iya maimaitawa sau nawa ka ga dama, amma ba zai ce maka ka ja zare da yawa ba. Cibiyar koyon sana'a tana da tsari da abokan zama, sai dai wasu sun fi karkata ga keken ɗinki. Zama gaban gwani, a rumfarsa ko a tsakar gidanta, shi ne ya fi, ko da za ka fara da zura masa zare a allura da kai riga wurin masu bugu. Kafin ka zauna wurin kowa, ka roƙi ya nuna maka aikin da ya gama, ka juya bayansa. In bayan yana da tsabta, babu tarin ƙulli, babu zaren da ya tsallaka daga wannan fure zuwa wancan, ka tambaye shi ranar da za ka fara zuwa da kuma irin zaren da yake so ka zo da shi.