Direban da ya zaga da mu Kwatano da Ganbiye

Tun da muka dawo Tawa ake tambayata lambar direban da ya zaga da mu a Kwatano, wannan da lambarsa ke yawo a WhatsApp tsakanin masu zuwa sayen mota a tashar jiragen ruwa. Kafin in ba kowa, gara in faɗi yadda muka kwashe da shi.

Mu 'yan Adar da bida muka san kurmi, ba da yawon buɗe ido ba. Wannan karon ni da abokaina na ƙuruciya muka ce teku kawai za mu je gani, babu saye babu sayarwa. Hanya kun san ta: Konni, Doso, Gaya, a sauka a ƙetare kogi da kwale-kwale tunda an rufe gada a 2023, a kama wata mota a Malanbil, a bi ta Paraku. Mun isa a gajiye liƙis, muka tarar da shi yana jiranmu a tasha.

Cikin gari kam sai sam barka. Ya san Kwatano kamar yunwar cikinsa, ga Hausa a bakinsa irin ta Zongo, ga haƙuri a kan sitiyari cikin 'yan zem, wato 'yan kabu-kabu, masu rigar ɗorawa da ke kutsowa ta ko'ina. Da yamma ta yi sanyi ya kai mu gun mutum-mutumin jarumar Dahome, na tagulla mai tsawon mita 30 da aka ƙaddamar a 2022, muka biyo ta katangar tashar jiragen ruwa da aka cika da zane-zane. Salla a babban masallacin Zongo, abinci ma a Zongo, ba mu taɓa zullumin yanka ba. A bakin teku na Fijirose ya ja mana kunne kada wanda ya bar ruwa ya wuce masa idon sawu, don igiyar wurin tana janye mutum. Gaskiyarsa ce. Ina tsaye ruwa ya zo ya koma, na ji yashi yana zarewa ƙarƙashin ƙafafuna, sai da na riƙe kafaɗar abokina. A Wida ma ya kai mu har ƙofar da aka gina a 1995 don tunawa da bayin da aka loda a jirage daga wannan gaɓa, kuma da muka ce ba za mu shiga ɗakin macizai ba bai matsa mana ba.

To, sai Ganbiye. Ita ce ta fito da mu daga gida tun asali. Gari ne sukutum a kan tabkin Nokuwe, gidaje bisa turaku, kasuwa cikin kwale-kwale, kuma kasuwar ta safe ce. Tun daren muka biya shi kuɗinsa cif, a kan cewa komai na ciki: mai, tikiti, jirgi mai inji, da mai yi mana bayani. Muka yi da shi zai zo da an sallame asuba. Muka shirya muka zauna ƙofar otel. Gari ya waye, hantsi ya dubi ludayi, wayarsa a kashe. Sai wajen ƙarfe 11 ga shi nan, wai ya kai wani baƙo filin jirgi. Ko “ku gafarce ni” na kirki babu. Muka faɗa cunkoson hanyar Kalabi, inda ake shiga jirgin Ganbiye, muna ta zufa.

A bakin tabkin ya ce mu jira, ya nufi wurin yankar tikiti, ya dawo yana sosa ƙeya. Wai abin da muka ba shi na mai ne da wahalarsa, jirgi daban. Babban cikinmu, mutumin da ba ya ɗaga murya, ya ce masa, “Haba malam, ba da bakinka ka ce har jirgi ba?” Ya ce, “Alhaji, ku yi haƙuri, ba ku fahimce ni ba ne.” Abokina ya ciro waya ya kunna masa saƙon muryar da ya turo mana da dare, muryarsa rangaɗaɗau tana lissafa jirgi. Ya kau da kai yana kallon masu sauke kwandunan kifi. Mun zo daga nesa, ga ruwa a gabanmu, me za mu yi? Muka sake haɗa kuɗi muka biya.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba kuɗin ba ne. Bai shiga jirgin ba. Ya damƙa mu a hannun wani yaro da ba ya jin Hausa, Faransancinsa ma kaɗan ne, ya ce zai jira mu. Jirgi babu rumfa, rana tsaka, babu rigar ruwa ko ɗaya, alhali yawancinmu ba mu iya iyo ba, kuma ya sani. Muna wuce shingayen rassan itace da masunta ke kafawa cikin ruwa don kifi ya taru ya yi ƙiba, ba wanda zai ce mana ga abin da ake nufi da su. Tarihin garin ma a bakin mai rakiyar wasu Turawa muka tsince shi da jirginsu ya matso kusa da namu: kabilar Tofinu ce ta gudo cikin tabkin saboda mayaƙan Dahome masu kama bayi, waɗanda al'adarsu ta hana su bin mutum cikin ruwa. Wannan bayanin mun biya kuɗinsa har sau biyu, muka ƙare da kasa kunne ga na wasu.

Da muka shiga garin kasuwa ta watse, sai 'yan jirage jefi-jefi. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 7 ba ta gifta mu ita kaɗai a kwale-kwale, jarkoki cike da ruwan sha a gabanta, tana tuƙi ko kallonmu ba ta yi ba. Wurin yana da kyau ƙwarai, shi ya sa abin ke ci mini rai har yanzu. Wani cikinmu ya ɗaga waya zai ɗauki wata mai sayar da tumatir, ta rufe fuska da malafarta tana faɗa da ƙarfi. Matan wurin ba su son a ɗauke su hoto, kuma aikin mai rakiya ne ya gaya wa baƙo tun kafin ya ji kunya. Yaron ya ɗaure jirgi a wani shagon kayan sassaƙa ya bar mu can har muka gaji, da muka nuna masa masallaci muna son yin azahar ya nuna agogo, wai lokacinmu ya ƙare.

Muka dawo Kalabi, babu direba babu dalilinsa. Sai da muka yi la'asar a wurin, muka haƙura muka ɗauki tasi. Da dare ya zo otel da abarba a leda yana murmushi. Abarbar Benin akwai zaƙi, amma ko dala bai maido mana ba.

Na fara rubutun nan da niyyar in ce a ɗauke shi don zagayen cikin gari kawai. Yanzu da nake tuno abubuwa, ko wannan ba zan iya faɗa da zuciya ɗaya ba. A kasuwar Dantokpa shi ya yi mini cinikin atamfar da na sayo wa maiɗakina, da yaren Fon, ina tsaye ina ta yi masa godiya. Washegari wani ɗan garinmu mai shago a Zongo ya juya turmin, ya ji abin da na biya, ya girgiza kai ya ce an ɗora mini kason wanda ya kawo ni. A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba, sai bayan Ganbiye ta dawo mini.

Lambarsa dai ba za ta fito daga wayata ba. Mai son ganin Ganbiye ya tashi da asuba ya tafi Kalabi da kansa, ya yanki tikiti da hannunsa, ya ce jirgi mai rumfa yake so, kuma ya ga mai bayanin da idonsa ya ji yaren da yake yi kafin ya miƙa kuɗi.