Tsohuwar fokilif mai dogon hannu: wata tara a gonata

Gonata ba ta neman kuɗi ba ce. Kadada huɗu ce a bayan Kwanar Dangora, da shanu tara da 'yan raguna, inda nake zuwa Asabar da Lahadi. Taki ne ya kai ni ga sayen motar nan da masu gine-gine ke kira telehandila. Duk bazara sai an ɗebo yara da shebur su kwana uku suna kwashe garke, ga lodin buhunan masara da kaka, ga harawar da nake so a ɗora can sama inda ruwa ba ya kaiwa.

Ƙirar Ingila ce ta 1998, mai ɗaga tan 3, hannunta na miƙewa sama har mita 7. Kun san yadda kuɗin Beljiyam, wato motocin hannu da ake shigowa da su daga waje, ya koma yanzu, ba sai na faɗa ba. Dillalin ya rantse mini cewa ba ta taɓa aikin gini ba. An wanke ta tas, an fesa fenti har kan kusoshi, agogon awa yana nuna dubu huɗu da 'yan kai. Sai da ta yi sati biyu a hannuna na lura agogon ko motsi ba ya yi.

Ranar da ba zan manta ba wata Asabar ce cikin Afrilu. Na cika bokiti da taki, na miƙa hannun saman tirela, sai na ji wani fas! Man haidirolik ya rinƙa kwarara daga cikin hannun, yana bin gilashi. Yaron gonata yana tsaye a gefen tirelar, kusan ƙarƙashin bokitin. Wallahi ban san lokacin da na fara salati ba. Amma kayan bai faɗo ba, ya tsaya cak a sama. Daga baya bakanike ya nuna mini wani ɗan bawul a jikin silindar, wanda aikinsa ke nan: in tiyo ya fashe, sai ya kulle man da ke ciki. Allah ne ya tsare yaron nan, kuma na yaba wa waɗanda suka ƙera ta.

Raina bai ɓaci ba sai da aka zo gyara. Tiyon yana can cikin hannun, dole aka zare na ciki gaba ɗaya, aka ɗauko wata motar ta riƙe shi. Da aka fito da tiyon sai ga shi an naɗe da robar tayar keke, an ɗaure da waya. Bakanike ya dube ni ya ce, "Alhaji, wanda ya yi wannan ya san abin da ya ɓoye." Faifan robar da hannun ke zamewa a kansu sun cinye har ƙarfe na gogar ƙarfe, babu alamar giris. Kwana 19 tana ajiye, ina zarya kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano. Tiyo an buga mini sabo a rana ɗaya, faifan kuwa sai daga Legas. Na kira dillalin sau ba adadi, ya ce ai da idona na gani na biya.

Injin dai ban da abin cewa. Perkins ne, irin wanda ke cikin taraktocin Massey Ferguson, don haka kowane bakanike na tarakta ya san shi, matatar mai da ta gas ba sa wuya. Bugu ɗaya take tashi ko da sanyin hunturu. Garken da ake kwana uku a kai, yanzu kafin azahar na gama. A kan wannan kaɗai, sau da yawa nakan ce ban yi asara ba.

To amma sai in tuna na'urar da ke ƙara in kaya ya yi nauyi, wadda na tarar an yanke wayarta. Tan 3 ɗin nan sai hannu yana janye a jikinta. In ka miƙa shi gaba har ƙarshe, abin da za ta iya bai fi tan ɗaya da 'yan kai ba. Ni da kaina na ji tayoyin baya sun bar ƙasa da buhunan takin zamani, ba wani ƙara da ya gargaɗe ni. Ga nauyinta, wajen tan 7: cikin Agusta ta nutse a bakin fadama, sai da tarakta biyu suka jawo ta. Tun daga nan in ruwa ya sauka ba ta wuce bakin garke.

Ƙanina yana son irinta. Na ce masa kada ya biya ko kwabo sai ya je da bakanikensa, an miƙa hannun har ƙarshe an haska tocila a ciki, an ɗaga kaya an kashe inji an bar shi rabin awa a ga ko zai sauko. Tawa kuwa, har yau ban samu mai gyara na'urar nauyin ba, kuma na hana kowa tsayawa kusa da ita in hannun yana sama.