Synology DS223j: Ma'ajiyar Fayil ta Gida, Kowa da Asusunsa

Wannan na'ura ta fito a 2023. Tana ɗaukar faifan ajiya biyu, ana jona ta da rauta (na'urar rarraba intanet a gida) ta hanyar kebul, sai duk kwamfutocin gida su riƙa ganinta. Idan aka sa faifai biyu masu 4TB a tsarin SHR (tsarin Synology na haɗa faifai don kare bayanai), 4TB kawai za a samu, domin ɗayan kwafin ɗayan ne.

Inda ta yi zarra shi ne asusu. A Control Panel na DSM, manhajar da ke tafiyar da na'urar, ƙarƙashin User & Group, ake buɗe wa kowa suna da kalmar sirri. A Shared Folder kuma ake yanke wa zai karanta kawai, wa zai rubuta, wa ba zai shiga ba sam. Yara su kalli hotuna ba tare da sun goge su ba. Don shiga daga kwamfuta, a kunna SMB (hanyar raba fayil tsakanin na'urori) a DSM, sannan a File Explorer na Windows a rubuta \\ da adireshin na'urar.

Abin da ke yawan wahalar da mutane daga Windows yake. Ba ya yarda a shiga na'ura ɗaya da sunaye biyu lokaci guda, sai ya ba da kuskure mai lamba 1219. A goge tsohon sunan a Credential Manager, inda Windows ke adana sunaye da kalmomin sirri, a fita daga Windows a sake shiga.

Raunin na'urar shi ne RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki: 1GB ne, kuma ba a ƙara shi, don haka manhajoji da yawa na sa ta jan ƙafa. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, kar a saye ta babu UPS (batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke), domin yankewar wuta ana tsakar rubutu tana iya lalata fayil.