Sharhi kan na'urar sanyaya furosesa mai ruwa: tana sanyaya sosai, amma gargaɗin fanka ya sha mini kai

Na sayi na'urar sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai amfani da ruwa, irin wadda ake kira AIO, mai lagireto na milimita 240 da fankoki biyu, saboda aikin tace bidiyo da nake yi yana gasa kwamfutata ƙwarai, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40. Da tsohuwar fankar, furosesa takan kusanci digiri 95, sai ta rage wa kanta gudu domin kada ta ƙone, aikin da ya kamata in gama da rana ya kai ni dare.

Na haɗa ta daidai yadda takardar cikin kwalin ta nuna. Wayar famfon da yake zagaya da ruwan ta shiga soket ɗin da aka rubuta wa AIO_PUMP a jikin madabod, wato babban faifan da ake jona duk kayan kwamfuta a kai, fankokin kuma suka shiga wani ɗan akwatin rarraba wuta da ya zo tare da ita, wanda yake shan wutarsa kai tsaye daga wayar SATA mai fitowa daga akwatin wutar kwamfuta. Ina kunna kwamfutar sai ga baƙin allo da rubutun CPU Fan Error, wato matsalar fankar furosesa, tare da umarnin in danna F1. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ga fankoki nan suna juyawa a gaban idona, fitilunsu suna haske, kuma da na ɗora yatsa a kan mesar ruwan na ji ɗan motsin famfon yana aiki. Duk da haka Windows ba ta buɗewa sai na shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, na fito, kuma haka abin yake maimaituwa duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita.

Na kira mai shagon da ya sayar mini, bai ma bari na gama bayani ba ya ce, "Malam, wannan ai ba matsala ba ce, ka shiga BIOS ka mayar da wajen a Ignore, kowa haka yake yi." Raina ya ɓaci da wannan amsa. Gaskiya ne rubutun zai ɓace, amma hakan tamkar sallamar mai gadi ne don ya tashe ka daga barci. Wannan gargaɗin an sa shi ne domin ranar da abin sanyayawa ya tsaya da gaske, kuma mutumin da ya zuba kuɗinsa masu yawa a kaya bai cancanci a kore shi da irin wannan shawara ba.

Dalilin matsalar kuwa ba wani abu mai wuya ba ne. Lokacin tashi, madabod soket ɗaya yake saurare, wato CPU_FAN, kuma a cikin ƙananan ƙarafa huɗu da suke tsaye a wannan soket kamar haƙora, haƙori na uku shi ne yake kawo masa labarin yawan juyawar fanka a minti ɗaya, na huɗun kuma da shi yake umartar ta ta ƙara gudu ko ta rage. Haɗin da takardar ta nuna ya bar wannan soket fayau, don haka madabod ya karanta sifili, ya ɗauka babu abin da yake sanyaya furosesa. Na cire fankokin daga akwatin, na haɗa su da waya mai reshe biyu, na kai ta CPU_FAN. Ya kamata mai irin wannan haɗi ya lura cewa reshe ɗaya ne kawai yake da haƙora huɗu cif, ɗayan an cire masa na ukun da gangan domin kada saƙon fankoki biyu ya cuɗe, saboda haka dole a tabbatar akwai fanka a kan mai huɗun. Famfon na bar shi a inda yake, yana gudu a cike kamar yadda ake so.

Daga nan gargaɗin ya tafi, kuma a nan ne na ga amfanin kuɗina. Ko ina tsakiyar fitar da bidiyo mai nauyi da tsakar rana, zafin yana tsayawa wajen digiri 70 da 'yan kai, ƙarar ma ta ragu har ina iya sauraron muryar da nake tacewa ba tare da abin kunne ba. A lokacin, da an tambaye ni, da na yaba mata ba tare da wani togaciya ba.

Amma da sanyin hunturu ya shigo, sai rubutun ya dawo da sassafe, alhali ban taɓa ko waya ɗaya ba. Wannan karon sanyin ɗaki ne ya sa fankokin suke tashi a hankali, ƙasa da juyi 600 a minti, wanda shi ne iyakar da madabod ɗina ya zo da ita, kuma duk abin da ya gaza haka a wurinsa fanka ta mutu ke nan. Na sauke iyakar zuwa 200, na tabbatar soket ɗin yana kan tsarin PWM, mai sarrafa gudu ta haƙori na huɗu, ba DC mai rage ƙarfin wuta ba, sai abin ya daidaita. Sai dai wannan ya sake tado mini da haushin farko. Kamfanin da ya ƙera na'urar ya san fankokinsa suna sauka ƙasa sosai, har yana tallata shirunsu a bayan kwali, amma takardar da ya sako hotuna ne zalla da kibiyoyi, babu jimla ko ɗaya da ta ambaci wannan gargaɗi, kuma wayar da ta kamata ta isa CPU_FAN gajeruwa ce har sai da na ratsa da ita ta saman ram, wato sandunan ma'adanar kwamfuta.

Wanda ya saba shiga BIOS zai ji daɗin wannan na'ura, domin aikin sanyayawa ba ta da makusa a kai. Wanda kuma wannan ne haɗinsa na farko, ina ba shi shawarar ya duba CPU_FAN da idonsa kafin ya rufe murfin akwati, ya kuma riƙa leƙa gudun famfon lokaci-lokaci, tunda a nawa haɗin gargaɗin ba ya tsaron famfo, fankoki kawai yake tsaro. Shagon da na saya kuwa, ba na jin zan sake kai musu kuɗina.