Garan Popo: kifin ya biya ni, mai jirgin ya ɓata min rai

Mu 'yan Damagaram kifin da muka sani shi ne banda da ake kawowa daga Diffa, sai ɗanyen Gidimuni idan an yi sa'a. Shi ya sa da na gama abin da ya kai ni Kwatano na ce da uwargida mu leƙa Garan Popo, wani gari na bakin teku a ƙasar Benin, tafiyar kusan kilomita 80 ce yamma, dab da iyakar Togo. Masaukin da muka sauka ba laifi, da tsabta, kuma famfo ba ya ɗaukewa, abin da ɗan Zinder ba zai raina ba.

Bayan sallar asuba muka fita bakin teku muka tarar da masunta suna jan koma, mutum ya fi talatin a igiya ɗaya, suna waƙa suna ja da baya, mata na jira da daro. A nan na sayi kifi yana motsi, aka gasa mana da barkono da albasa. Wallahi ashe duk shekarun nan hayaƙi muke ci. A lokacin da an tambaye ni, cewa zan yi kowa ya tattaro iyali ya zo.

Sai maganar jirgi. A masaukin na biya jika 25, aka ce ƙarfe 9 za a ɗauke mu a bi kogin Mono har inda ya faɗa teku, wurin da suke kira Bush di Ruwa (sunan Faransanci ne, ba ruwan Hausa ba), a tsaya ƙauyen da mata ke dafa gishiri, a ci gasasshen kifi da rana. Mai jirgi bai zo ba sai 11 da rabi, ko sannu babu. Rigunan kariya biyu ne, ɗaya a yage. Ba mu yi nisa ba inji ya mutu, ya ce esansi ya ƙare, in ba shi jika 5 ya aika yaro. A tsakiyar ruwa da wa zan yi gardama? Na bayar. Kafin yaron ya dawo ruwa ya janye, don kogin yana bin cikar teku da raguwarta, abin da mai jirgi ya fi kowa sani. Muka kafe a taɓo cikin itatuwan nan masu saiwa a waje kamar ƙafar kaza, sauro na shagali. Uwargida ta karanta Ayatul Kursiyyu ya fi a ƙirga, sannan ta juyo ta ce, "Malam, wannan ce shaƙatawar?" Ƙauyen gishiri dai daga nesa muka hango hayaƙinsa.

Gaskiya da muka isa Bush di Ruwa wajen la'asar na ɗan huce. Jan ruwan kogi na karo da na teku, rairayi fari tas, tsuntsaye birjik. Kada dai a yi gigin wanka, igiyar wurin ja take yi. Har na fara cewa kuɗin bai tafi a banza ba, sai aka buɗe kwanon abinci: ƙaguwa da jatan lande, kifi ko ƙaya babu. Na ce da uwargida a Malikiyya duk abin teku halal ne, ta ce halal ne amma ba dole ba ne. Biredi ta ci da ruwa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne da muka koma. Na kai ƙara, mai masaukin ya ɗaga kafaɗa ya ce ai mai jirgin ba ma'aikacinsu ba ne. To hatimin wa ke kan rasit ɗin da ke hannuna? Jika 5 ɗin nan har yau ban gan ta ba, kuma har muka iso Zinder uwargida ba ta daina ba 'yan'uwanta labarin taɓo ba.