Masu kwashe tsofaffin jiragen faiba a bakin ruwan Yauri, ga yadda na ga aikinsu

Jama'a duk mai mataccen jirgin faiba a yashe bakin Kogin Neja ya nemi yaran nan masu yankawa, wallahi aikinsu ya burge ni. Kun san faiba ba katako ba ce da za ta ruɓe, ƴan gwangwan ma ba sa saye don ba ta narkewa kamar ƙarfe, shi ya sa wasu ke cinna mata wuta, kuma hayaƙin nan guba ne tsantsa ga yara da dabbobi.

Su da suka zo kan namu, sai da suka fara cire ƙarafa da tankin mai, sannan suka shimfiɗa tamfol suka sa giranda, kowa da takunkumi da safar hannu saboda ƙurarta ƙaiƙayi gare ta sosai kuma tana shiga huhu. Gindin da bai tsage ba suka gyara min shi kwamin shayar da shanu, wannan ya fi komai yi min daɗi.

Inda ban gamsu ba kuɗin mota, gaskiya sun tsuga, kuma ragowar gutsattsarin juji suke kaiwa. A Jamus niƙa ta ake ana kai wa kamfanonin siminti, mu da muke da na Kalambaina kusa a Sakkwato ya kamata a duba wannan don Allah.