Mun fasa Kainji, mun yini a Gamji

Tun ranar da aka koya wa su Ummi darasin madatsar ruwan Kainji ban sake samun sakat a gidan nan ba. An ce musu an kammala ta a 1968, kuma a gefen tafkin akwai gandun daji na ƙasa da ya haɗa dajin Borgu da na Zugurma. Ita dai dorinar ruwa take son gani da idonta. Babansu ya ce daga Kaduna zuwa New Bussa ba tafiyar je-ka-ka-dawo ba ce, gandun Kamuku da ke nan Birnin Gwari kuwa ya ce in bar maganar tukuna. Da hanau gara mannau. Ranar Asabar muka tari Keke Napep daga Tudun Wada, mu biyar da kular abinci, muka nufi Gamji.

Rabona da wurin tun ina budurwa, lokacin da ake kwasar mu yawon salla. A takarda sunansa lambun Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya zama gwamnan soja na Arewa a 1966, amma gaya wa mai keke haka ki ga ya tsaya yana kallonki. Gamji kowa ya sani, sunan da ke tuna wa manya kirarin Sardauna.

Kuɗin ƙofa bai tayar mana da hankali ba, keke ma ya fi cin kuɗinmu. Ƙarfe goma muka shiga, ba mutane sosai, don haka muka zaɓi inuwar da muke so muka shimfiɗa tabarma. Ni a wurina inuwar nan ita ce rabin abin da na biya. Wanda ke zaune a gidan haya mai tsakar gida kamar faifai shi zai gane abin da nake nufi. Yara suka ruga wajen lilo, amma ba su yi rabin awa ba suka dawo, wai ina ruwan da aka yi musu alkawari.

Nan ne yinin ya fara daɗi. Ƙarshen damina ne, kogin Kaduna ya cika ya yi ja, yana tafiya a nitse kamar ba ya motsi, sai ka ga reshen itace ya wuce da gudu sannan ka san da ƙarfinsa. Abba ya kafa ido yana neman kada, don na taɓa gaya masa daga kadduna garin ya samo suna. Bai ga ko ɗaya ba, sai wani mai kwalekwale can nesa yana jefa birgi.

Sai kuma gadar Lugga, mai sunan Baturen gwamnan nan na zamanin mulkin mallaka. Ƙaramar gadar ƙarfe ce ta masu tafiya a ƙasa, Abba ya ƙirga takunsa ashirin da uku daga wannan baki zuwa wancan. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, sa'ad da can ne hedkwatar Turawa a Arewa. An dawo da hedkwata Kaduna a 1917, daga baya aka kwance gadar aka biyo da ita, a 1956 aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa. Babansu ya nuna kogin ya ce abin mamaki, wannan ruwan da kuke gani Zungerun ya nufa, zai bi ta Shiroro ya ratsa ta garin da gadar ta baro, sannan ya faɗa kogin Neja.

Ummi ta yi tsalle ta ce, "Baba, ke nan zai je Kainji!"

Ya ce, "A'a uwata, Kainji na sama. A ƙasa yake haɗuwa da Neja, wajen Pategi."

Ta ɓata rai kamar shi ya juya kogin.

Abinci daga gida na zo da shi, dambun shinkafa da zoɓo mai sanyi, kuma na gode wa Allah da na yi haka, don wani mai tallan alawa a bakin titi da ya ga yara sun kewaye shi sai farashi ya ninka. Buta ce na manta, da gorar ruwan sha muka yi alwalar azahar.

Mai ƙaramin yaro ta buɗe ido sosai. Auta shekararsa uku, sau biyu ina cafko shi ya doshi bakin ruwa, na ukun na goya shi na ɗaure da zani, ya yi kukansa ya gaji ya yi barci. Ranar salla kuma ba zan kawo su ba, na san cunkoson wurin tun da can. Asabar da safe ta fi.

Bayan la'asar muka tattara. Sai a cikin keke na lura takalmin Auta ƙafa ɗaya ne. Ummi kuwa ta ce wurin ya yi, za ta sake zuwa, amma Baba ya sani har yanzu tana bin sa bashin dorina.